Iya Kaltume a Fagen Daga

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar? Ita ta kawo ki, ko ke kika ɗauko ta?"

"Ƙafata ta fi zuciyarka ƙwari, ragon miji. Matsa in zauna."

Iya Kaltume ta jingine sandarta a bayan ƙofa, ta zauna bakin katifar jikanta Sharhabil tana huci. Ba gaisuwa ce ta fito da ita daga ɗakinta ba. Jiya da la'asar Sharhabil ya sauke wani sabon wasan sojoji da ya fito a makon nan cikin kwamfutarsa, ɗoki ya sa ya jona ta da babbar sifikar falo. Harbin farko, rabin layinsu a Badarawa ya watse. Ladi mai awara ta bar kaskonta a wuta, mai shagon caji ya ja ƙofa ya kulle kansa ciki. Da mahaifinsa, Alhaji Usman, ya dawo daga ofis ya ji labari, sai ya ce ranar Asabar kwamfutar nan kasuwa za ta. Yaron kuwa da hannunsa ya harhaɗa ta, yau ƙarfe gobe waya, kuma da ita yake zanen gidajen da yake koyo a makaranta. Tun jiyan ko tuwo bai taɓa ba.

Mutum ɗaya ne zai iya tanƙwara Alhaji, ita ce uwarsa. Sai dai ɗan fari ne. Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta tsaya gabansa ta roƙi wani abu, kuma ba a kan wasan yara za ta fara ba.

"To, jarumi, nuna mini yaƙin da ka ci jiya. An ce ka kori mai awara, ka ƙwace kasko."

"Namiji barkono ne, Iya, sai an tauna."

"Na tauna naka tun kana zanen goyo, ko tattasai ya fi ka yaji."

"Ki yi a hankali dai. Kallon nan ba na masu haƙori uku ba ne."

"Huɗu ne, makaho. Kunna."

Ya ɗora mata abin sauraro a kan ɗankwali, ya toshe mata kunnuwa biyu, ya danna. Gilashin ya yi baƙi, sannan ya washe.

Iya ta shirya baƙar maganar da za ta yaɓa masa, amma maganar ta maƙale. Ta zaci 'yan tsana za ta gani suna tsalle. Sai ga gari sosai, da tituna da benaye, ruwan sama yana sauka, har tana ganin inuwar gajimare a cikin kududdufi. Wani labule yana kaɗawa a tagar da gilashinta ya fashe. Wani soja ya gifta, laka ta ɓata masa gwiwar wando, tana jin numfashinsa kamar a gefen wuyanta.

"La haula! Kai, wane gari ne wannan?"

"Babu shi a duniya. Zana shi aka yi."

"Ƙarya kake. Wa zai zauna ya zana tsatsa a jikin kwano? Dubi can, har da shanya an manta ba a kwashe ba."

"Wallahi zane ne."

"Mai zanen nan ya taɓa shanya, ruwa ya taɓa dukan kayansa. Kai da kake zanen gida, ko ƙofa ba ka iya miƙewa."

"Tun da na aure ki hannuna ke rawa."

Wani jirgi mai saukar ungulu ya taso ta bayanta, ƙararsa ta bi ta kan kunnen hagu ta fice ta dama. Iya ta dunƙule, ta rufe kai da mayafi, har carbinta ya faɗi. Sharhabil ya kwashe da dariya har da buga tebur.

"Ina ƙafar da ta fi zuciyata ƙwari?"

"Carbi na sunkuya ɗauka, ɗan nema."

"Da mayafi a ka?"

"Tsoro na daji, kunya na gida. Ci gaba, kada ka cika ni da surutu."

Sojan da Sharhabil ke tuƙawa ya ruga ya banke ƙofar wani gida, ya faɗa ciki da bindiga a gaba. Iya ta dafe ƙirji.

"A'a! Babu sallama? Haka aka koya maka?"

"Iya, yaƙi ake yi."

"Yaƙi ya hana sallama? Ga shi ka taka wa mutane darduma da takalmi. In matan gidan ba su kimtsa ba fa?"

"Sun gudu."

"Da ganin fuskarka dole su gudu. Ni kaɗai ce na iya haƙuri da ita."

Kafin ya rama, wata tankar yaƙi ta kunno kai ƙarshen layi, ta juyo da bakinta. Bangon da sojan ke fakewa ya zube gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe, haske ya ratso ta cikinta, tarkace na zuba ɗaya bayan ɗaya. Iya ta ji abin har cikin haƙoranta huɗu. Ita da ta ga zuwan rediyo mai hoto, ta ga zuwan wayar hannu, ba ta taɓa ganin abin da ya sa ta manta a ɗaki take zaune ba sai yau.

"Kowa ya daɗe ya ga daɗau," in ji ta a hankali. "Waɗannan da ke gudu tare da kai, su ma zane ne?"

"Jikin zane ne, amma mutane ne ke tuƙa su, kowa yana ɗakinsa. Wannan daga Turkiyya yake, wancan ban ma san ƙasarsu ba."

"Duk iyayensu sun rasa aikin da za su ba su?"

"Wani ma ya girme ki."

"To shi zan aura, in huta da mai gudun tuwo."

Suna cikin haka aka harbi wani soja a gefen titi. Ya faɗi cikin ruwa, ya ɗaga hannu yana kira. Sojan Sharhabil ya tsallake shi ya wuce a guje. Iya ta cafke wuyan hannun jikanta, riƙon da bai san tana da ƙarfinsa ba.

"Koma."

"Iya, sake ni, tutar can za mu kama, saura kaɗan mu ci!"

"Na ce koma. Ba naku ba ne?"

"Namu ne, amma ba komai. A nan in mutum ya mutu, jim kaɗan yake dawowa."

"Yake dawowa?"

"Ƙwarai. Sabo fil."

Iya ta saki hannunsa. Mijinta, Kofur Tanko, ya hau jirgin ƙasa a nan Kaduna lokacin yaƙin basasa, tana goye da Usman. Abin da ya dawo mata shi ne wani abokinsa mai ɗingishi, wanda ya durƙusa a zaure ya ce Tanko ya faɗi a bakin wani kogi, wuta ta yi yawa, ba wanda ya iya komawa ya ɗauko shi. Tun ranar take ƙoƙarin hango wurin a ranta, ba ta taɓa iyawa ba, don ba ta san kamannin yaƙi ba. Yau ga shi a ɗakin jikanta, har da ruwan sama. Baƙin cikin da ta zaci ya tsufa tare da ita ya taso ɗanye.

"Kishiyarka bai dawo ba," ta ce. Haka take kiran marigayin in tana tsokanar yaron, amma wannan karon muryarta ba ta wasa ba ce. "Koma ka ɗauko ɗan mutane."

Sharhabil ya dube ta, ya dubi gilashin. Ya juya sojansa, ya bar tutar, ya kutsa cikin harsashi. Ya kama wanda ya faɗi ta wuyan riga, ya ja shi da baya, ƙafafun mutumin na jan laka, har bayan wata motar da ta ƙone. Iya ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi.

"Ja shi! Sunkuya, sakarai, kanka a waje yake! Yauwa. Ɗaure masa. Bismillahi, ɗaure da kyau."

Mutumin ya miƙe tsaye. Wata murya ta faɗi wani abu cikin yaren da ba ta sani ba.

"Me ya ce?"

"Godiya yake yi."

"Ka ce masa ya gaida uwarsa."

Ba ta rufe baki ba aka sami sojan Sharhabil a ƙirji. Gilashin ya yi ja, ya dushe. Iya ta saki salati, ta riƙe mayafinta gam. Sai ga shi kuma tsaye a wani lungu, da bindigarsa, rigarsa ko laka babu.

"Ga ni, amarya. Kin fara lissafin takaba ko?"

Iya ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ƙurar bangon nan ce ta shigar mata. Sharhabil bai ce ƙurar zane ce ba.

"Kai kam ka dawo," ta ce. "Mugun iri ba ya ɓata."

"An cinye mu fa. Saboda ke muka rasa tutar."

"Tutar uwar wa? Tsumma ne, in ba ka ɗankwalina ka kafa."

Ya yi 'yar dariya, sannan fuskarsa ta koma yadda take tun jiya. Ya shafa gefen kwamfutar.

"Ko ma mene ne, Asabar za a kai ta. Iya, ko za ki yi wa Baba magana?"

"Ni? In tsaya gaban mutumin gidan nan ina roƙo? Ba ka da kunya, ni ina da ita."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Kai, tun da aka haife ka kake kirana amarya. Ina lefena?"

"Lefe? Tsohuwar da ta ga jika?"

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ko zare ba ka taɓa kawo mini ba, kullum sai cin dakuwata. Yau na gaji. Wannan akwatin, da gilashinsa, da abin kunnen, da igiyoyinsa kaf, na karɓa. Kwashe ka kai ɗakina."

"Iya, fashi da rana tsaka? Ana neman raba ni da ita, ke kuma..."

Ya tsaya. Ya dube ta, ta kawar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"In ya so," ta ce da bango, "sai in ga mai shiga ɗakin uwarsa ya ɗauki kayan aurenta ya kai kasuwa."

Sharhabil ya faɗi kan katifa yana dariya har da hawaye, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama! Kin ci, amarya. Wallahi kin ci gari."

"Da ma. Zane kullum, a gabana, in ga ƙofar ta miƙe. Yaƙi kuwa sai bayan la'asar, kuma a kunne, ba a sifika ba. Ka je ka ba Ladi haƙuri, ka kankare mata kasko."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro dunƙulen dakuwa ta jefa masa a cinya.

"Ungo tukuicin lefe. Ci, kada ka mutu mini da yunwa, nan ba a dawowa."

Ya cusa rabi a baki, ya miƙa hannu zai zare waya daga bango. Ta buge hannun.

"Dakata tukuna. Mayar da ni garin nan. Akwai wani a gindin gada, na ga an wuce an bar shi kwance."