Hoton da Za a Tura Fatakwal

"...Ya kuma ƙarfin jikin, amarya?"

"Jiki da sauƙi. Miji ne dai babu sauƙi, tunda sai da na aika sau biyu kafin ka zo."

Hajiya Sadiqa ce ke amsa wa jikanta Ɗayyabu. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta a Fammar, ta sha kwalli da sabon ɗankwali kamar mai zuwa suna. Satin da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da ita, har aka yi mata ƙarin ruwa a gida. Labari ya kai kunnen autarta Barakatu a Fatakwal, ga ta da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ta bugo waya ta ce in ba ta ga hoton Hajiya da idonta kafin azahar ba, mota za ta hau. Shi ya sa aka kirawo Ɗayyabu, mai shagon ɗaukar hoto a Rano.

"Ina akwatin?" Hajiya ta tambaya, tana leƙa bayansa.

"Wane akwati?"

"Na ɗaukar hoto mana. Mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle."

"Hajiya, ai tun kina da haƙora aka daina wannan. Ga waya."

"Haƙoran wajen tauna maka nama suka ƙare. Ɗauka, rana tana yi. Gwaggonka ba ta san wasa ba, yanzu haka ta ɗaure kaya."

Ya ja baya, ya danna, ya miƙa mata. Ta kai wayar dab da hancinta. Ta daɗe tana kallo, murmushin ya bar fuskarta.

"Wace ce wannan?"

"Matata ce."

"To ka sake ta, ba za ta kai damina ba. Dubi ramin ido. Dubi wuya kamar na kazar da ta tashi daga kwanci. Wannan kuma mene ne a bayana?"

Ɗayyabu ya duba. Can cikin ɗaki, a jikin ƙusa, ledar ƙarin ruwan ce rataye da igiyarta, ga kwalaben magani jere a kan akwati.

"Ɗakin nan ni kaina sai na laluba nake samun carbina," in ji ta. "Yaya aka yi wayarka ta gani?"

"Aikin ec-di-ar ke nan."

"Ɗiyar wa?"

"Ba ɗiyar kowa ba ce, dabara ce a cikin wayar. In na danna sau ɗaya, sai ta ɗauki hoto uku a jere: ɗaya don hasken waje, ɗaya don duhun ɗaki, ɗaya tsaka-tsaki. Sai ta haɗe su. Haske ba zai cinye komai ba, duhu ba zai ɓoye komai ba."

"Wato 'yar gulma ce. Ta leƙa tsakar gida, ta leƙa ɗaki, ta kai rahoto. Ko ɗiyar wa ce, ba a ba ta tarbiyya ba. Allah ya jiƙan Mato mai hoto na kasuwar Rano. Shi in ya shiga ƙyallensa, fuskarka kawai ya sani. Bayanka ya yi baƙi ƙirin, asirinka a rufe. Ya wanke, ya shanya, ya bi da fensir ya share abin da bai kamata a gani ba."

"Shi ya sa a hotonki na 'yanmatanci babu hanci. Na ɗauka haske ne ya cinye, ashe Mato ne ya tausaya wa jama'a."

"Hancin da ka gada, har ka ƙara masa faɗi."

Wayar ta yi ƙara a hannunta, ta zabura. Ɗayyabu ya karɓa ya karanta.

"Ita ce?"

"Ita ce. Ta ce mijinta ya tafi tasha tambayar mota."

Hajiya ta shiga murza bakin zaninta. Da ta yi magana, muryar ta sauka.

"Hanyar nan kwana ake yi a kai. In naƙuda ta kama ta a daji, wa zai karɓi haihuwar? Direba? Ɗayyabu, ka kashe ɗiyar nan, ka yi mini irin na da."

Ya shiga ɗaki ya sauke ledar, ya kashe dabarar, ya sake dannawa. Wannan karon ɗakin ya fito baƙi ƙirin kamar yadda take so, amma rana ta wanke fuskar fat, idanu biyu kawai suka rage a cikin fari.

"A'uzubillahi. Wannan ai fatalwa ce a bakin kabari."

"Irin na da kika ce."

"Na Mato na ce, ba na almajirin da aka kora ba. In ta ga wannan, ba mota ba, jirgi za ta nema."

"To bari in mayar da ɗiyar. Amma kada ki motsa. In kin motsa, hoto ukun ba za su hau kan juna daidai ba."

Ta miƙe wuya, ta dafe gwiwoyi, ta riƙe numfashi. Ɗayyabu ya dube ta ta cikin wayar, ya ga zaman ya fi kama da na mai jiran likita. Daga masallacin unguwa an fara gwada lasifika. Ya sauke wayar kaɗan, ya gyara murya.

"Hajiya, tunda muna mu biyu, a yi maganar gaskiya. In ta Allah ta kasance, jar akuyar nan tawa ce ko? Ni ne miji, kada a zo ana rigima. Na ma riga na yi mata ciniki a kasuwar Kibiya."

"Ka yi me?"

"Ciniki. An ce a kawo ta bayan sadakar uku."

Hajiya ta wawuri maficin da ke gefenta ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi da kanta ba tun da ta kwanta. "Ɗan banza mai hancin tukunya, ni za ka ci gadona ina numfashi?" Mafici ya sauka a kafaɗarsa daidai lokacin da ya danna. Ya ruga bayan rumbu, yatsansa na aiki.

"Na tura."

"Ka tura me? Kawo in gani."

Ta gani. Ga ta tsaye, ɗankwali ya karkace, baki buɗe, hannun dama ya fito uku: ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, kowanne da maficinsa.

"Ka kashe ni. Yanzu za ta ce aljanu sun shige ni."

Suka tsaya suna kallon wayar. Sai saƙon murya ya shigo. Dariyar Barakatu ce ta fara fitowa, har da tari, kafin ta iya magana.

"Hajiya, hannu uku? To tunda har kina iya tashi ki daki Ɗayyabu, na kwance kayana. Ki ƙara masa ɗaya, nawa."

Hajiya ta koma ta zauna a hankali, ta ce alhamdulillahi, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan dariya ta ƙwace mata.

"Ka ci wannan, angon tsiya. Akuya dai sai na mutu, kuma ban shirya ba. Je ka kama zakaran can."

"Godiya nake, amarya."

"Kuma ka wanko mini hoton nan babba, in rataye a bakin ƙofa. Duk jikan da ya zo da rashin kunya, ya fara ƙirga hannuwana kafin ya yi sallama."