Ranar da Na Soye Farar Nasara

A shekarun da fara take rufe rana a Gure, Nasara biyu suka sauka garinmu, ɗaya na Faransi, ɗaya na Ingila. Maigidana Kyari ne tafintansu. Ya ce mini roƙo suke manyan ƙasashen biyu su haɗa musu kuɗi, su binciko inda fara take hayayyafa. Wani babban baƙo zai zo ya duba farar da suka tara tun daga Kelle. In bai gamsu ba, aikin Kyari ya ƙare.

Ranar zuwan baƙon aka ce in yi girki na girma. Na ga fara ƙosassu cikin keji, na ce, "Allah sarki, ashe don yau ake kiwonta!" Duk Gure kuwa babu wadda ta kai ni suya. Na fige, na soye da man shanu da barkono, na kai ina taƙama.

Nasaran Faransi, wanda muke kira Mushe, ya leƙa akushi, ya leƙa keji, ya zauna a ƙasa.

Kyari ya ce, "Baiwar Allah, kin kashe mu!"

Baƙon ya ɗanɗana ɗaya, ya ƙara, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce farar da ta yi wannan ƙiba da geron mutane, dole a bi sawunta. Bayan damina kuɗi suka iso.

Har yau in na shiga kasuwa, masu fara sukan rufe kwandunansu: "Ku ɓoye, ga Iya mai soye binciken ƙasa biyu!"