Nesta Ta Tare Masu Keke a Gonar Kakanta

"A'a, Taid, ashe kana nan da ranka? Ni da na taho ɗaukar gado!"

"Gadon me, ke da ko tunkiya gurguwa ba ki iya kamawa? Shigo ki rufe mini ƙofa, 'yar faci."

Haka suke gaisawa kullum. Idwal Pugh makiyayin tumaki ne a kan tudu, can bayan garin Dolgellau, ya doshi tamanin. Nesta jikarsa ce, Taid take ce masa kamar yadda kowane jika ke kiran kakansa a nan, kuma ita ke da shagon gyaran keke a cikin gari. Ni Menna maƙwabciyarsa ce. Lokacin haihuwar tumaki ne, na hau in taya shi, shi ya sa a gabana aka yi komai, wata Asabar da hantsi.

Masu keken hawan dutse ne suka hana tsohon sakat. Wani ya saka hanyar tumakinsa a taswirar intanet, sai ga su duk ƙarshen mako suna gangarowa ta tsakiyar gonarsa, ba sallama ba izini. Sun rushe masa katangar dutse a wuri guda, suna barin ƙyauren shinge a buɗe, kuma a makon da ya wuce sun firgita garken har tumaki biyu suka yi ɓari. Shi ne ya aiki Nesta ta sayo masa kwaɗo da sarƙa da waya mai ƙaya.

"Ina aikena?" in ji shi.

"Ga kwaɗo, ga sarƙa."

Ya ɗaga kwaɗon da yatsa biyu. "Wannan? Wannan ai na akwatin 'yar tsana ne. Ko Mot ya yi atishawa sai ya buɗe."

Mot, karensa, ya ɗago kai daga ƙarƙashin tebur.

"Daidai ƙarfinka na zaɓo. Da na kawo babban, sai mun kira motar asibiti ta taya ka ɗagawa."

"Ni? Ni da na saɓo raguna biyu a kafaɗa daga bakin rafi har gidan nan, cikin dusar ƙanƙara?"

"Bara rago ɗaya ka ce."

"Ɗayan ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa, shi ya sa ban ƙirga shi ba."

"Baɗi kuma bijimi zai zama."

"Ki bari baɗin ta zo. Ina waya mai ƙayar?"

"Ta ƙare a kasuwa."

"A duk Dolgellau?"

"Har garin Bala. Sun ji wani rigimammen tsoho ke nema, sai suka ɓoye."

"Ƙarya kike, ga hancinki nan yana motsi. Na san me kike yi, 'yan'uwanki kike karewa. Ku masu matsattsen wandon roba, kamar an cusa kwaɗo a cikin safa. Ga hular kwano kamar kunkuru ya hau kan mutum ya yi barci."

"Ka fi mu ne? Wandonka igiyar ɗaurin ciyawa ke riƙe da shi tun ba a haife ni ba."

"Igiyar nan ta fi ki amfani a gonar nan. Ba ta taɓa guduwa gari ba."

"Ina za ta je, ita da ta tsufa tare da kai?"

Na yi dariya, shi ma ya kusa yi. Sai Nesta ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa, muryarta ta sauya.

"Taid, tsakaninka da Allah, a ina za ka ɗaura ta?"

Ya juya yana kallon taga. "Tsakanin itatuwan nan biyu, inda gangaren ya fi tsanani."

"A wane tsayi?"

"Inda za su ji a jikinsu."

"Daidai wuya ke nan. Ka san abin da take yi wa mutum in ya taho a guje? Ba faɗuwa zai yi ya tashi yana karkaɗe jiki ba. Gawa za ka sauko da ita, kai kuma ka ƙarasa kwanakinka a gidan yari. A gangaren nan na koyi keke, kai ka riƙe mini sirdi."

"Ke da izinina kika hau."

"In na hau gobe ban faɗa maka ba fa? Ƙayar za ta tambayi sunana?"

Da tsohon ya buɗe baki, ba wasa a ciki. "To in zauna in zuba ido? Da hannuna na binne 'yan ragunan nan, Nesta. Uwar ɗaya har yau tana zagaye wurin tana kuka. Na kafa allo, sun tuge. Na yi magana, sun ɗaga mini hannu sun wuce kamar ni ne baƙon."

Bai rufe baki ba Mot ya zabura yana haushi. Muka leƙa. Ga ƙyauren sama a wangale, ga mutum huɗu sun kwararo a kan kekuna, tumaki masu ciki sun watse ta ko'ina, wasu sun nufi rafi.

"Takalmina!" in ji Idwal. "Menna, miƙo mini takalmina!"

Kafin ya zura ƙafa ɗaya, Nesta ta fice. Ta tsallake katangar bayan gida, ta tsaya cak a tsakiyar hanyar ta ware hannuwa. Ga shi ba su da nisa da ita. Muka ji kukan birki, laka ta fantsamar mata har ƙirji, amma ko gezau ba ta yi ba.

Na gabansu ya ture tabarau sama. Wani dogo ne mai suna Callum, a shagonta yake gyara. "A'a, Nesta! Me kike yi a nan?"

"Gidanmu ne. Kai me kake yi?"

"Ai taswira ta nuna hanya ce."

"Taswirar ce ta buɗe ƙyauren can ta bar shi? Ita ta karanta allon ta tuge?"

Wani gajere daga baya ya ce, "Haba baiwar Allah, tudu ai na kowa ne."

"Na kowa ne? Madalla, ashe mun sami ɗan'uwa. Akwai tunkiya a rumfa ɗanta ya juyo ta baya. Naɗe hannun riga ka zo ka ciro shi, tunda da kai aka gada."

Gajeren ya sunkuyar da kai. Nesta ta durƙusa gaban keken Callum, ta murɗa wani abu, sai ga tayar gaba a hannunta.

"Ni na ɗaura ta, ni na cire. Ku saurara. Za ku ajiye kekunan nan, ku hau da ƙafa ku tattaro tumakin, ku rufe ƙyaure. Duwatsun da kuka rushe, ku mayar. Kai kuma Callum, na san kai ka saka hanyar nan, yanzu a gabana za ka goge ta. Ga daji can ƙetaren kwari an yi muku hanyoyi na musamman, ni ma can nake hawa. Wanda na ƙara gani a nan, kekensa kada ya sake taka ƙofar shagona, kuma sai na tashi a taron ƙungiyarku ta masu keke na faɗi dalili."

"Wallahi ba mu san suna da ciki ba," in ji Callum.

"Biyu sun yi ɓari a kanku. Yanzu kun sani."

Babu wanda ya ƙara musu. Lokacin ne Idwal ya iso yana haki, igiyar takalmi na jan ƙasa. Ya dubi jikarsa, ya dubi tayar da ke hannunta.

Abin kallo ya samu. Ƙarti huɗu cikin matsattsen wando suna bin tumaki a gangare, suna zamewa suna tashi, Mot na yin aikin yana waiwayensu da mamaki. Da aka zo katanga, tsohon ya zauna a kan kututture yana ba da umarni. Gajeren nan ne ya fi kowa ɗaukar dutse. Da suka gama ya cire hular kwano ya zo gaban Idwal ya ce a yafe musu. Idwal ya ce ya yafe, amma dutsen ƙarshe a karkace yake, a gyara. Nesta ta mayar da tayar, suka sauka suna tura kekunansu kamar masu rakiyar gawa. Muka zagaya garken, ba wadda ta ji ciwo.

Muna komawa kicin tsohon ya faɗa kujerarsa ya miƙe ƙafafu.

"Kin ga yadda jikinsu ya yi sanyi da suka hango ni?"

"Kai? Kai da kake kokawa da takalmi?"

"Idona suka gani daga nesa."

"Wanne? Mai yanar, ko wanda ke neman tabarau alhali yana kan hancinka?"

"To muryar da kika daka musu tsawa da ita, ta wa ce? A wurin wa kika samo?"

"A shago na saya."

"Tawa ce. Tsayuwar ma tawa ce. Haka na tare bijimin gidan maƙwabcinmu Ellis a kan gada, da hannu ɗaya."

"Aka ce bijimin ne ya tare ka, ka wuni a kan bishiya."

"Hutawa na hau yi. Jinina ne ya yi aikin nan yau, saboda haka ni na kore su."

"To jinin naka ya tashi ya haɗa mana shayi, tunda ni ban yi komai ba."

Nan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta koma tari, Nesta na bubbuga masa baya tana cewa kada ya mutu bai nuna mata inda ya ɓoye biskit ba. Da ya sarara ya share ido da bayan hannu.

"Waya mai ƙayar nan, a bar ta a kasuwar."

"Da ma ta ƙare."

"Na ji. Maƙaryaciya."

Sai ya dafa gwiwa ya miƙe. Kujerar nan tasa ta gefen murhu, ban taɓa ganin wani a kanta ba. Ko fasto ya zo, a benci yake zama. Ya nuna ta da hannu.

"Zauna."

"Taid, lafiya?"

"Zauna na ce, kafin in sake shawara. Yau ke ce mai gona."

Ta zauna a hankali, da lakarta da komai. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta ɗauke kai. Can ta gyara zama ta ce, "Ashe duk shekarun nan a cikin rami kake zaune? Wa zai ciro ni?"

Yana ɗora buta a wuta ya juyo gare ni, ƙirji a buɗe.

"Kin ji bakinta ko, Menna? Ki bi tudun nan gida-gida. In kin sami mai jika irin tawa, ki dawo ki faɗa mini."