Ruwan Da Ya Tona Asirin Daɓena

Ranar an wuni ana yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Ina falo, na ɗora akwatin gilashi na kiwon kifi a kan tebur, na wanke tsakuwa na shimfiɗa a ciki, na juye bokiti na shida ke nan. Shekara arba'in na yi ina gini, kuma tun da na ajiye aiki ban ƙulla niyyar komai ba sai wannan. Sai ga babbar jikata, ta taso daga asibitin da take aiki, lema a hannu, ta gaishe ni.

"Lafiya lau, amarya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, tsohon miji. Na waje ne bai ishe ka ba, ka tara wani a ɗaki?"

"Kifi zan kiwata."

"Ina kifin?"

"Sai ruwan ya huta. Mai shagon da na sayo akwatin ya ce na famfo akwai magani a ciki."

"Wato kiwon ruwa kake yi. Mazan wasu da garken shanu, nawa ga abin da ya samu."

"Ke wa zai kwasa in ba ni ba? Sadaka aka ba ni ke, kunya ta sa na karɓa."

Ta durƙusa ta ƙura wa gilashin ido. Wannan kallon nata ba alheri ba ne.

"Ango, ruwanka ya karkace."

"Idonki dai."

"Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Zo ka gani."

Na duba. Ta wajen taga ruwan ya kusa baki, ɗaya gefen kuwa saura yatsa biyu. Mai shagon ya ja mini kunne cewa in nauyi ya kwanta gefe guda, wata rana gilashin zai tsage.

Na ce, "Teburin ne. Kafintocin yanzu."

Ta ciro ma'aunina daga jikin ƙusa, mai ɗigon iska a tsakiya, ta ɗora a ƙasa, ba a tebur ba. Ɗigon ya ruga gefe kamar an kore shi.

"Wa ya yi daɓen nan?"

Ni na zuba shi da hannuna, shekarar da aka haifi ubanta. Ba baƙon da ya taɓa zama a falon nan ban gaya masa ko ƙwai aka ajiye ba zai gangara ba.

"Ƙasa ce ta motsa."

"In ɗauko ƙwan?"

"Ma'aunin ya tsufa."

"Shi da mai shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tsoho. Ka ce daɓena ya karkace, in taya ka kwashe ruwan. In ka ƙi, ka zauna da girmanka har gilashi ya fashe, mu tsinci kifi a ƙarƙashin kujera."

"Sai in sake ki."

"Sake ni, amma daɓen na nan yadda yake."

Na daɗe ina kallon ruwan. Na yi musu da injiniyoyi na ci, amma shi wannan ba a musu da shi. Dariya ta ƙwace mini.

"Ya karkace. Yatsa biyu. Miƙo bokiti."

"Ban ji ba, yayyafi ya yi ƙara."

"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Miƙo, na ce."

Muka kwashe bokiti shida. Na fere katako na cusa a ƙarƙashin ƙafafun tebur biyu. Sai a gwaji na uku ɗigon ya tsaya a tsakiya, sannan muka mayar da ruwan.

Da ruwan ya gama hutawa ta dawo da leda ɗaure, kifaye uku jajaye a ciki.

"Ga tukuicin gaskiya. Wancan na zaɓo shi musamman, wutsiyarsa a karkace take. Ya dace da gidan."

Akwatin na nan jikin bango, ruwansa daidai, kifayen sun zama bakwai. Katakon na leƙowa daga ƙarƙashin tebur, ban rufe shi ba. Zancen ƙwai kuwa na daina.