Ranar da Na Kashe Kaka da Yatsu Biyu

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe kakana da yatsu biyu ba. Kada hankalinku ya tashi, yana nan da ransa. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo shi a zaure yana faɗa da akuya.

A babban hutun damina abin ya faru, a garinmu kusa da Gazawa. Yayana Laminu ya dawo gida bayan ya gama shekararsa ta farko a jami'a, can wata ƙasa ta bakin teku. Ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ana ta neman masu ilmi su hau kujerun da Nasara suka bari, don haka Baba ya riga ya gaya wa kowa, har masu sayen gyaɗa, cewa ɗansa zai zama babban ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati. Sai ga Yaya da usur a wuya da gajeren wando a jaka, wai shi ilmin wasanni da motsa jiki da lafiya yake karantawa.

"Motsa mi?" in ji Baba.

"Motsa jiki, Baba."

"Wato ka ƙetare ƙasashe don a koya maka gudu? Ga gona can, ɗauki hauya ka ga motsa jiki. In hutu ya ƙare, ba inda za ka."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, don ni kaɗai na san karatun nan ba wasa ba ne. Kullum da la'asar yakan zaunar da ni ya yi mini bayanin ƙashi da tsoka da huhu. Wata rana ya ɗora yatsuna biyu a wuyan hannunsa, na ji wani abu yana harbawa, ɗis, ɗis, ɗis. Ya ce zuciya ce ke tura jini. Ya zagaye rumbu da gudu ya dawo, na sake taɓawa, sai na ji ta kamar kalangu ranar biki. Nan take na yanke shawara: ni zan ceci Yaya. Zan nuna wa Baba cewa wannan aikin lokotoro ne, wato likita.

Sai na shiga gari da yatsu biyu. Na kama hannun Inna tana daka ("Sakar mini hannu ko in haɗa da ke a turmi!"). Na taɓa maƙwabta, na taɓa mai tallan nono, na taɓa akuyarmu, ita kuwa ta ba ni amsa da ƙafa. Tsakanina da ku, yawanci ba na jin komai. Sai dai in lumshe ido, in gyaɗa kai, in ce, "Zuciyarki na nan." Su kuma su yi godiya kamar ni na mayar musu da ita.

Kaka kaɗai ya ƙi ba ni hannu. Shi amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma duk lokacin da na matso sai ya ɓoye hannu cikin riga ya ce, "Ni zuciyata tana wurinki, amarya, mi za ki nema a hannu?"

Rannan da rana ya dawo daga gona, ya sha fura, ya miƙe a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya rufe fuska da jelar rawani saboda ƙuda. Hannunsa guda yana yashe a tabarma. Na lallaɓo kamar kyanwa, na ɗora yatsu biyu. Shiru. Na matsa sama. Shiru. Na danna har yatsuna suka yi fari. Ba ɗis, ba ɗas. Sai a lokacin na lura ba ya minshari (Kaka fa, wanda minsharinsa ya taɓa sa kajinmu suka koma kwana gidan maƙwabta). Na dubi ƙirjinsa, ba motsi. Na ɗaga hannun na saki, ya faɗi yaraf kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

Mai hankali zai kira yayansa a hankali. Ni ba na cikinsu. Na kwasa da gudu, ni ɗin da a lakol, wato makaranta, duk lokacin da mushe, malaminmu, ya busa usur na jimnastik don mu fita guje-guje sai ciwon ciki ya kama ni. Na tsallake turmi, na ratsa dangar maƙwabta, na bi ta bakin rijiya ina ihu, "Kaka ya rasu! Na auna shi, ba bugu!" Inna ta yar da taɓarya ta ɗora hannu a ka. Matan rijiya suka saki guga suka ɗauki salati. Ban tsaya ba sai gona. Baba ya fito daga cikin hatsi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, Yaya na biye da shi.

Muka iso gindin tsamiya da rabin gari a bayanmu. Ga Kaka nan zaune, ya tanƙwashe ƙafa, yana ƙarasa furarsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya share baki.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kuka ya riga ya ci ƙarfinta, ta ce cikin shessheƙa, "Kai ne, Malam."

"Allah sarki," in ji Kaka. "Allah shi jiƙan shi. Mutumin kirki ne."

Ashe idonsa biyu tun farko. Ya ji sanɗata, ya riƙe numfashi don ya zabura ya tsorata ni, amma kafin ya buɗe baki na wuce rijiya. Ya nuna ni da ludayi a gaban kowa.

"Amarya, haka kike gaggawar shiga takaba? Wane saurayi ne ya yi miki alkawari?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har can garin Gangara. Na so in shige cikin ƙwaryar furar in rufe kaina da faifai. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya juya ga Yaya yana haki.

"Ka ga karatun naka ko? Ya kashe mini uba da rana tsaka."

Nan ne hawaye suka zo mini na gaske. Na zo ceton Yaya, ga shi na ƙarasa shi.

Yaya ya durƙusa ya ce in nuna masa inda na taɓa. Na nuna. Ya kama hannun Kaka ya juya shi, don ashe a bayan hannu nake ta dannawa, kan ƙashi, kamar mai neman ruwa a kan dutse. Sannan ya ce, "Baba, ara mini yatsunka." Ya ɗora su ta cikin hannun Kaka, ƙasan babban yatsa. Ya ce zuciyar mutumin da ya saba aiki da tafiya, irin Kaka, a hankali take bugawa, da ƙarfi, irin ta 'yan kokowa. Ya sa Baba ya taɓa ta kansa, wadda gudu ya sa take ta rawa. Baba ya taɓa tasa, ya koma ya taɓa ta Kaka. Ya daɗe riƙe da hannun mahaifinsa, fiye da yadda awon yake bukata, kuma ba wanda ya ce ya saki.

Can sai Kaka ya dubi Baba.

"Bar yaron nan shi koma shi ƙaro. Ɗan guntun karatun da ya zo da shi ne ya kashe ni yau. In ka tsare shi a nan, yarinyar nan sai ta ƙare tsofaffin gari."

Baba ba ya musu da Kaka. Da hutu ya ƙare, shi da kansa ya ɗaukar wa Yaya jaka zuwa bakin hanya.

Ni kuwa na samu nawa rabon. Yaya ya je ya gaya wa mushe cewa bai taɓa ganin mai gudu irina ba, don haka ciwon cikina ya warke dole. Tsofaffin unguwa kuma, in na durƙusa gaishe su, sai su yi maza su cusa hannu cikin riga. Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ki sanar da rasuwar mutum, ki fara yi masa cakulkuli a tafin ƙafa.