Ranar da Hulata Ta Bi Ruwa

Shekarar da na fara koyarwa a wata ƙaramar sakandare kusa da Bunkure, na rantse ɗalibaina ba za su koyi koguna da tafkuna a allo kaɗai ba. Na kwashe su zuwa babbar magudanar da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, ina zumuɗi kamar ni na haƙa ta.

Na ce musu, "Ruwan tafki a zaune yake, na kogi tafiya yake yi. Wannan dai a hankali yake tafiya. Ku kalla."

Na cire sabuwar hular da surukina ya ba ni, na ɗora a kan ruwan da niyyar in ɗauke ta nan gaba kaɗan. Hula ta juya, ta kama hanya. Na tattare riga na bi ta a guje, yara na bayana suna shewa, masu ban-ruwan tumatir suka miƙe suna kallo. Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin laka.

Ɗaliban yanzu magidanta ne, amma in mun haɗu a kasuwar Kura sai su rusuna su ce, "Malam, an ce an hango hular nan a Tafkin Chadi."