Zomayen Gonar Nomau

Ku matso ku ji ta Nomau, in zuciyarku za ta ɗauka. A Unguwar Kanya yake, ƙato ne ɗan shekara arba'in, ga ƙarfi kamar sa, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Su biyu ne rak a gidan, shi da uwarsa Tabawa, tsohuwar da idonta ya fara dushewa. Ubansa ya rasu ya bar musu gona ɗaya a gindin dutse, ƙasa mai son wake. Ƙanen uban, Baffa Cindo, tsohon ma'aikacin gandun daji, gonarsa na jikin tasu, kuma tun ranar da aka rufe yayansa idonsa ke kanta. Bara wake bai yi ba, aka ce zomaye ne. Baffa ya tsaya gaban mai gari ya ce ba za a bar ƙasar gado ta lalace a hannun wawa ba, in bana ma aka cinye shi zai karɓa ya riƙe. Mai gari ya ce to. Tabawa ta koma gida ta sha kuka, don in gonar nan ta tafi ba su da abin kaiwa baki.

Wata rana wake ya fara yaɗo. Mai shela ya riga ya zaga gari cewa kowa ya ɗaure dabbarsa har kaka, wadda ta shiga gonar wani kuwa mai ita ba shi da ta cewa. Tabawa ta ce, "Je ka zauna a gona tun asuba, zomayen nan su gan ka." Ya tafi, da hantsi ya dawo.

"Sun gan ka?"

"Sun gan ni, Inna. Ɗaya har ya tsaya ya ƙare mini kallo."

"Ka kore su?"

"Ba ki ce in kora ba."

"Wayyo ni Tabawa! Su nawa ne?"

"Biyu."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Zomo biyu su share kunya huɗu?" Nomau bai tanka ba, don ya ga da kanta take magana.

Wata rana Baffa ya zo da babbar riga, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce kada a ce bai taimaki marayan ɗan'uwansa ba. Yana da takardar riƙe bindiga tun yana aiki, zai kai Nomau birni ya zaɓi ta zomaye. Taimako wai! So yake in ya ƙwace gonar a ce ai ya yi iya yinsa. Mai shago ya jera musu guda uku. Mai baki biyu, ya ce wannan za ta yayyage zomon da waken gaba ɗaya. Ta biyu sai an ja ƙarfe an ɗana bayan kowane harbi. Ta uku siririya ce, harsashinta bai kai ƙaramin yatsa ba, ba ta dukan kafaɗa, ba ta da ƙara sosai, ita ke ɗura kanta har sau goma. Mai shagon ya ce wa Nomau, "Ka ɗauki wadda za ka yini da ita a kafaɗa ba ka gaji ba." Nomau ya saɓa mai baki biyu ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar shago. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, masu saye na kewaye shi.

"Malam, lafiya?"

"Ban gama yinin ba."

Da rana ta faɗi ya ajiye ya ce wannan ta gajiyar da shi, gobe sai ta biyu. Kwana uku suka yi a birni, Baffa na zagi, kafin siririyar ta ci jarrabawa. Wake kuwa ba mai tsaro. Da za su tafi mai shago ya riƙe hannun Nomau ya ce, "Abu ɗaya, don Allah: kada ka taɓa harbi sai ka san abin da ke bayan abin da ka auna."

Wata rana Nomau ya hangi zomo na cin ganye. Ya auna, sai ya tuna. Ya sauke bindiga, ya zaga a hankali don ya duba bayan zomon. Zomo ya ga ƙato na zagayo shi, ya arce. Mako guda ana haka, ko harsashi ɗaya bai fita ba. Gari ya ɗauka, har mata a bakin rijiya na kwaikwayon tafiyarsa. Tabawa na ji, abin ya ci ta ƙwarai.

Wata rana bayan sallar Juma'a, Baffa ya tare Nomau a ƙofar masallaci, ga mai gari, ga liman, ga jama'a. Daɗin dariyar mutane ya kwashe shi, ya ce, "Kai dai an yi asara! Na kai ka birni, na ba ka bindiga. Duk abin da ka ga yana cin waken nan, ka harbe shi mana!"

"Duk abin da na gani, Baffa?"

"Duka, sakarai!"

Washegari da asuba Nomau na zaune a gindin dutse. Baffa ya iso kamar yadda ya saba, ya janye ƙayar shinge ya koro awakinsa guda shida cikin wake. Ko kallon Nomau bai yi ba, don a wurinsa kututture ne. Nomau ya gaishe shi, ya auna, ya leƙa bayan awakin, sannan ya ce, "Baffa, ɗan matsa, kana bayansu." Baffa ya ga bakin bindiga ya yi tsalle gefe. Tas! Tas! Tas! Bindigar da ke ɗura kanta ba ta jira kowa ba. Kafin masu zuwa gona su rugo da wuƙaƙe su yanka, awaki huɗu na ƙasa da ganyen wake a baki.

Gaban mai gari Baffa ya yi ta kumfar baki a biya shi. Liman ya ce shi dai da kunnensa ya ji umarnin jiya, shela kuma kowa ya ji ta. Mai gari ya juya ga Nomau.

"Yau ka fara ganin awakin nan a gonarku?"

"A'a, ranka ya daɗe. Kullum Baffa ke kawo su. Bara ma haka. Ina gaishe shi."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Zomaye aka tambaye ni."

Mai gari ya ce ba abin da za a biya Baffa. Aka bar musu gonarsu, amma fiye da rabin waken ya riga ya tafi, kuma ba wanda ya dawo musu da na bara. Baffa ya fizge bindigarsa ya daina gaishe su. Mutanen gari suka raba naman, suna tauna suna cewa wawa dai wawa ne. Kai, mutane!

Da yamma Tabawa ta zaunar da ɗanta a kan tabarma. Shekara arba'in tana aikensa, sai ranar ta tuna ba ta taɓa tambayarsa ba, kunya ta kama ta.

"Nomau, me kuma ka gani?"

Ya gyara zama ya ce, "Daga ina zan fara, Inna? Daga ranar da Baffa ya matsar da dutsen iyaka?"